Baba ya biya kuɗin jana'izarsa a Landan, yanzu zai bar garin: ina makomar kuɗin?

Tambaya: Mahaifina ya fi shekara 30 yana zaune a kudancin Landan. A 2019 ya biya wani kamfani kuɗin jana'izarsa gaba ɗaya, ya ce ba ya son ya bar mana nauyi. Yanzu jiki ya yi rauni, zai dawo wurina a Lesta (Leicester) da zama, kuma duk lokacin sanyi yakan tafi Kano ya yi wata uku ko huɗu. Yayana ya ce tunda ya bar Landan mu soke abin mu karɓi kuɗin. Shin tsarin zai bi shi inda ya koma, ko kuɗin sun tafi kenan?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana mai albarka, ke kuma ya saka miki da alheri da kika buɗe masa gidanki. Kuɗin ba su tafi ba, kuma kada ku soke tukuna. Ƙaura daga Landan zuwa Lesta ba ta kashe irin wannan yarjejeniya. Sai dai akwai ɓangaren da ke bin mutum duk inda ya koma a cikin Birtaniya, akwai ɓangaren da ke manne da garin da aka baro, kuma ɓangaren da ke manne ɗin shi ne mai tsada. Na daɗe ina taimaka wa iyalai da takardun jana'iza a nan Ingila, kuma kusan duk rigimar da na gani ta taso ne daga rashin rarrabe waɗannan biyun tun mai abin yana da rai.

Ki fara da ɗauko takardun. Galibi za ki same su cikin jaka guda, da takardar shaida mai lambar tsarin a sama, da ɗan littafin sharuɗɗa mai ƙananan rubutu wanda ba kowa ke karantawa ba. Abu na farko da za ki nema shi ne sunan kamfanin da ya sayar da tsarin, domin sau da yawa ba shi ne gidan jana'izar da Baba ya shiga ya sa hannu ba. Shekarar da ya saya tana da muhimmanci a nan. A 2019 babu wata hukumar gwamnati da ke sa ido kai tsaye a kan wannan kasuwa, kamfanoni ne ke shiga wata ƙungiya don raɗin kansu. Sai ranar 29 ga Yuli 2022 hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi ta karɓi ragamar, kuma kamfanoni 26 ne suka sami izininta a lokacin. Wasu ba su samu ba, aka miƙa abokan cinikinsu ga wasu kamfanonin, wasu kuma suka durƙushe. Wanda ya fi girgiza mutane shi ne Safe Hands, da ya rushe a watan Maris 2022 da mutane kusan 46,000 a hannunsa, yawancinsu tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi. Don haka ki shiga rajistar FCA a intanet ki rubuta sunan kamfanin. Idan yana ciki da izinin wannan sana'a, to tsarin Baba yana ƙarƙashin kariyar asusun diyya na FSCS ko da kamfanin ya karye nan gaba, duk da cewa ya saya kafin dokar. Idan ba ki ga sunan ba, ki duba ko akwai wata wasiƙa ta 2022 da ke cewa an mayar da shi wani kamfani. Tsofaffi da yawa sun ɗauki waɗannan wasiƙun a matsayin talla suka jefar.

In wannan ya yi daidai, sai ki duba me aka saya. Mutane suna cewa "na biya kuɗin jana'izata gaba ɗaya", amma abin da takarda ke cewa ya fi haka ƙunci. Abin da ake ba da tabbaci a kansa shi ne aikin masu hidimar jana'iza: zuwa ɗaukar gawa, ajiye ta, akwati, motar gawa, ma'aikata, da bin takardu. Wannan an kulle farashinsa a kan na 2019, ko da ya ninka kafin ranar da za a buƙace shi. Sauran kuɗaɗen kuwa, waɗanda ake biyan wasu daban, kamar kuɗin filin kabari da kuɗin haƙa shi, a mafi yawan tsare-tsare ba su da tabbaci. Abin da ake yi shi ne a ware wani adadi a ce gudummawa ce, in ta isa shi kenan, in ba ta isa ba iyali su cika. Filin kabarin kansa ma galibi ba ya ciki sam. Kamar wanda ya biya tela kuɗin ɗinki ne tun kafin salla: aikin ɗinkin ya tabbata, amma yadin yana wuyansa, kuma farashin yadi na kasuwar ranar ne.

Ɓangaren farko, wato aikin masu hidima, shi ne mai bin mutum. Yadda yake binsa ya danganta da irin kamfanin. Idan mai rassa ne a faɗin ƙasa, irin su Co-op ko Dignity, ana mayar da sunan Baba reshen da ya fi kusa da sabon gida ne kawai. Idan kuma irin Golden Charter ne, wanda ke sayarwa ta hannun gidajen jana'iza masu zaman kansu, kamfanin zai nemo wani gidan a Lesta da ke cikin sahunsa ya karɓi aikin. A nan ake samun ɗan cikas. Idan gidan farko shi ya tsara wa Baba abin da yake so ya sa farashinsa, sabon gidan yana iya cewa zai karɓa amma da ƙari, ko ya ce wani abu daga ciki ba ya yinsa. Sa'arku ita ce daga Landan kuke fita. Jana'iza a Landan ta fi ta yawancin garuruwan Ingila tsada, saboda haka wanda ya baro ta bai cika fuskantar neman ciko a wannan ɓangaren ba. Masu komawa Landan daga arewa su ne ke shan wannan. Amma kada ki yi tsammanin za a mayar muku da rara don sabon garin ya fi araha. Ba a cika yi ba.

Abin da nake roƙonki shi ne ki sanar da kamfanin sabon adireshi a rubuce, kuma ki nemi su aiko da sunan sabon gidan jana'izar a rubuce. Ga abin da ke faruwa idan ba a yi ba. Mutum ya cika da daren Juma'a, ɗansa ya ɗauki waya hannu na rawa ya kira lambar da ke jikin takarda, sai muryar can ta ce suna Landan, kusan mil 100 daga inda gawar take, kuma tsarin ya ƙayyade nisan da suke zuwa ɗauka ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ofishin kamfanin da zai yi canjin kuma ba lallai a same shi ba sai Litinin. Iyalin da ke son binne mamacinsu da wuri ba za su jira ba, sai su kira masallaci, a yi komai, a biya daga aljihu. Bayan kwana bakwai su je neman kuɗinsu, a ce musu tsarin ba ya biyan wanda ba ya cikin sahun kamfanin, abin da za a yi kawai shi ne a ɗauke shi kamar an soke, a cire kuɗin sokewa a ba su saura. Sun biya jana'izar a farashin yau, an mayar musu da kuɗin shekarun baya. Wasiƙa guda da ta hana wannan. Ko ba don haka ba ma, a ƙa'idar yanzu kamfani yana aika takardar bayanin tsarin duk bayan shekara 3, kuma in adireshin tsoho ne, baƙon da ya shiga gidan ne zai riƙa karɓarta.

Tunda Musulmi ne, akwai tambayar da ta fi ta kuɗi. Ki tabbatar da idonki cewa takardar ta ce binnewa. Kusan kashi 80 cikin 100 na mamata a Birtaniya ƙona su ake yi, kuma yawancin tsare-tsaren da ake tallatawa a kan haka aka gina farashinsu. Gudummawar da aka ware tana iya isar kuɗin ƙonawa amma ta yi nesa da isar kuɗin kabari. Sannan ki tambayi sabon gidan kai tsaye: suna da wurin wanka da 'yan'uwa za su shiga su yi da kansu? Sun saba kai gawa masallaci a yi salla a wuce maƙabarta a rana guda? Suna aiki Asabar da Lahadi? Za su bar gawar ba tare da allurar hana ruɓewa ba? Dokar Ingila ba ta tilasta wannan allura ga wanda za a binne a cikin ƙasa, kuma ba ta tilasta akwati, maƙabarta ce ke da nata sharaɗin a kan binnewa da likkafani kaɗai. Idan gidan da aka ba ku bai saba da mu ba, kina da damar neman a canza shi tun yanzu. A wannan fannin Lesta gari ne mai sauƙi. Musulminta suna da majalisar kula da jana'iza da ake kira MBCOL, wadda ta daɗe tana aiki da hukumar birnin, kuma maƙabartar Saffron Hill tana da sashen Musulmi. Ki tuntuɓe su ki ji da waɗanne gidajen jana'iza suke hulɗa, sannan ki kai wa kamfanin sunayen ki ce a zaɓi ɗaya daga ciki in yana sahunsu.

Yanzu ga ɓangaren da ba ya bin mutum, kuma nan nake so ki fi tsayawa. Yawancin maƙabartun Ingila na ƙananan hukumomi ne, kuma kusan kowace kansul tana da farashi biyu: na mazauninta da na baƙo. Na baƙo yakan ninka sau biyu, a wasu unguwannin Landan har sau uku, saboda fili ya yi musu ƙaranci. Ranar da Baba ya kwashe kayansa daga kudancin Landan, a idon kansul ɗin da ya shekara 30 yana biyan haraji ya fara zama baƙo. Wasu suna sassauta wa wanda ya daɗe a wurinsu ya tashi ba da jimawa ba, musamman in rashin lafiya ce ta tashe shi, wasu ba sa yi, kuma kowace da nata wa'adin. Saboda haka idan burin Baba a binne shi a Landan, ko don wani nasa yana kwance a can, ki kira ofishin maƙabartar tun kafin ya tashi ki tambayi ƙa'idarsu. Idan suna sayar da fili tun da rai, sayensa yana mazauni ya fi sayensa yana baƙo nesa ba kusa ba. In ma ya riga ya saya, za ki ga wata takarda daban ta haƙƙin binnewa. Wannan takarda ba mallakar ƙasa ba ce, izini ne na wasu shekaru da aka rubuta a jiki, kuma a maƙabartun kansul ba ya wuce shekara 100. Ba ta tafiya Lesta, ba kuma a musanya ta da wani fili a can. Kuɗin haƙa da binnewa ma daban ake biyansa a ranar, wani wurin a farashin baƙo ko da filin naka ne. Ga kuma kuɗin motar da za ta kai gawar Landan, wanda tsarin ba lallai ya ɗauka ba. Akwai maƙabartun Musulmi masu zaman kansu, kamar Gardens of Peace da ke Hainault a gabashin Landan, waɗanda ba kansul ke tafiyar da su ba, su kuma nasu tsarin farashin daban ne, sai an tambaye su.

Idan kuwa ya yarda a binne shi a Lesta, to ki duba takardar harajin gidanki ki ga sunan wace kansul ce a kai. Mutane da yawa suna cewa suna Lesta alhali gidansu yana Oadby ko Wigston, waɗanda ke ƙarƙashin wata kansul daban da ta birnin. Titi guda yana iya raba mai biyan farashin ɗan gari da mai biyan na baƙo. Kuma ki sa sunan Baba ya shiga takardun gidan da wuri: rajistar masu zaɓe, wasiƙun fansho, asusun banki. Ranar da za a nemi shaidar cewa mazaunin garin ne, waɗannan za a duba, ba za a ɗauki maganar baki ba.

Haka nan ki yi masa rajista da likitan unguwa a satin farko, kuma ki sa likitan ya gan shi ido da ido. Wannan ba ya cikin yarjejeniyar, amma shi ke yanke saurin jana'iza. Likitan da ya duba mutum yana da rai shi ke rubuta takardar musabbabin mutuwa, kuma tun 9 ga Satumba 2024, a Ingila da Wales, sai wani likita mai bita ya duba ta kafin a kai ofishin rajista a karɓo koriyar takardar izinin binnewa. Idan babu likitan da ya san majinyacin a kusa, ko ba a gane abin da ya yi ajalinsa ba, maganar tana iya komawa hannun jami'in binciken mutuwa, kwanaki su tafi. Babu tsarin da aka biya, komai tsadarsa, da zai gajarta wannan.

Sai maganar Kano, wadda ita ce ta fi nauyi a tambayarki ko da ba ki tsaya a kanta ba. Waɗannan tsare-tsare na jana'izar cikin Birtaniya ne. Ba su da gidan jana'iza a Kano, kuma ba a buƙatarsu a can. Wanda ya rasu da safe a Kano, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an ɗora a makara, an sallace shi a ƙofar gida, jama'ar unguwa sun raka shi Dandolo ko Tarauni ko wadda ta fi kusa. Abin da ake kashewa a yadi da itace da ɗan abin masu haƙa bai kai a kwatanta shi da na Ingila ba, hidimar zaman makoki ma ta fi shi cin kuɗi. To idan ajali ya riski Baba a ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiyen na sanyi, a can za a binne shi, tsarin kuma ya zama ba a yi amfani da shi ba. A irin haka yawancin kamfanoni suna mayar da abin da aka biya cikin dukiyar mamaci, wasu bayan sun cire kuɗin sokewa. Ki nemo wannan sakin layin a littafin sharuɗɗa ki karanta shi da kyau, in bai fito fili ba ki sa su amsa a rubuce.

Amma ba za su saki ko fam ɗaya ba sai sun ga takardar shaidar mutuwa, kuma nan ne mutanenmu ke faɗawa rami. A gida mutum yakan cika a ɗakinsa, a binne shi cikin sa'o'i, babu wanda ya yi tunanin takarda, don babu mai tambayarta a bakin maƙabarta. Bayan wata biyu 'ya'yan da ke Ingila su fara neman hujja, ba don wannan tsarin kaɗai ba, har da fansho da banki da gida. Ki zaɓi mutum guda mai hankali cikin dangin Kano ki gaya masa tun yanzu cewa in ta Allah ta kasance, aikinsa shi ne ya samo takardar likita daga asibiti, sannan ya yi rajistar mutuwar a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ita ke ba da shaidar mutuwa a Najeriya. Kuma sunan da za a rubuta ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi. Idan fasfo ya ce Mohammed, takarda ta ce Muhammadu ko ta ƙara Alhaji a gaba ta sauya jerin sunayen, ma'aikacin da ke zaune a ofis a Ingila zai ce mutum biyu ne.

Akwai kuma ɗaya fuskar: ya rasu a Lesta amma ya bar wasiyyar a kai shi gida. Wannan ba ya cikin tsarin da aka saba sayarwa. Fitar da gawa daga Ingila sai an sanar da jami'in binciken mutuwa, kuma ƙa'ida ita ce a jira cikakkun kwana 4 sai in shi ya ba da izini kafin nan. Kamfanonin jirgi suna neman a yi wa gawar allurar hana ruɓewa, a sa ta a akwati mai rufin tutiya a ciki wanda aka liƙe, da takardar cewa babu cuta mai yaɗuwa, ga takardun ɓangaren Najeriya. A sashen kaya take tafiya, ana auna ta a yi mata kuɗi, galibi ta sauka Abuja ko Legas kafin a kama hanyar Kano. Dubban fam ne, kuma sati ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. Wani kamfanin zai yarda ya yi ɓangaren da ke cikin tsarin, kamar ɗauka da ajiya, iyali su biya saura, wani zai ce sai dai a soke. Ni dai a ganina, ga wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta a gaggauta jana'izarsa, wannan hanya ce mai wahala ga mamaci da masu rai, kuma ban cika ba da shawararta ba. Amma na san abin da ke sa dattijo ya so kwanciya kusa da iyayensa, ba kuma zan raina shi ba. Hukuncin ɗaukar gawa daga gari zuwa gari malamai sun yi bayaninsa da sharuɗɗansa, ku zauna da malamin da Baba ya yarda da shi. Abin da ya rage naku shi ne ku ji daga bakinsa yanzu, in kuma ya dage, ku san kuɗin daban za a tanada. Inshorar tafiya ba ta toshe wannan gurbin, domin ita tana dawo da gawa Birtaniya ne, ba ta fitar da ita.

Yanzu maganar yayanki. Ban ga laifinsa ba, yana gudun kada kuɗi su narke ne. Amma ku lissafa abin da sokewa ke nufi. Damar sokewa a karɓi kuɗi cif ta kwana 30 ce bayan saye, ta wuce tuntuni. Yau abin da za a ba Baba shi ne abin da ya biya a 2019 bayan an cire kuɗin sokewa, babu ribar shekarun da kuɗin suka yi a asusun amana ko a inshora. Kuɗin da ya sayi cikakken aiki a 2019 ba zai saye shi yau ba. In kuma aka ce a sayi sabo a Lesta da biyan wata-wata, akwai lokacin jira da kan kai wata 24, wanda in mutum ya rasu a cikinsa ba ta hanyar haɗari ba, abin da ya zuba kawai ake mayarwa, ba a yi masa jana'izar. Ga dattijon da jikinsa ya yi rauni, wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Sannan idan Baba yana karɓar tallafin Pension Credit, ajiyar da ta haura fam 10,000 tana rage abin da ake ba shi, kuma kuɗin da suka dawo asusunsa ajiya ce, alhali suna cikin tsarin galibi ba a lissafa su. Bayan duk wannan, tsarin na Baba ne. Kamfani ba zai saurari ɗa ko 'ya a kan sokewa ba sai da sa hannun mai shi, ko da takardar wakilci ta doka a kan dukiyarsa. In ba ku yi wannan takardar wakilcin ba, ku yi ta yanzu yana cikin hayyacinsa, don ba a yin ta bayan hankali ya gushe.

Wuri guda ne nake ganin sokewa ta dace: ranar da Baba ya yanke cewa ya koma Kano ke nan, ba zuwa da dawowa ba. A nan tsarin ba shi da sauran amfani gare shi. Ko a nan ɗin ma ku fara tambaya ko za a iya mayar da shi kan wani a cikin iyali da zai ci gaba da zama a Ingila, domin wasu kamfanonin suna yarda, kuma farashin 2019 abu ne mai daraja. In ba za a iya ba, a soke kafin ya hau jirgi, asusun bankinsa na nan yana buɗe, shi kuma yana kusa da zai sa hannu. Bin kuɗi daga Kano ta waya, da asusun da aka rufe, aiki ne mai cin rai.

Ki kuma bincika ko yana cikin wata ƙungiyar jana'iza ta masallaci ko ta 'yan gari a Landan, irin wadda ake zuba wani abu duk shekara. Da yawa daga cikinsu sharaɗinsu zama a yankin ne, kuma ba sa ƙarƙashin kariyar da na ambata. Ki tambayi shugabanninsu ko ƙaura tana fitar da mutum. Haka idan kin ga ana cire masa kuɗi kowane wata da sunan inshorar 'yan sama da shekara 50, wannan wani abu ne daban: tsabar kuɗi take biya bayan rasuwa, amma in aka daina zubi takan mutu gaba ɗaya, saboda haka kada canjin banki ko doguwar tafiya su katse ta.

Wasiƙar da za ki rubuta wa kamfanin, Baba ya sa hannu, ba ta buƙatar tsawo. Ki sa lambar tsarin da sabon adireshi da ranar ƙaura. Ki tambaye su wane gidan jana'iza ne zai karɓa a Lesta kuma ko akwai ƙari, nawa gudummawar kuɗin binnewa ta kai a yau, mil nawa suke ɗauka kyauta, me za a mayar in ya rasu aka binne shi a Najeriya da takardun da za su nema, da kuma nawa ne kuɗin sokewa. Ki nemi a rubuta sunanki a matsayin wakiliyar da za a riƙa tuntuɓa. Amsar da suka aiko ki yi mata hoto ki tura wa yayanki da mutumin Kano, asalin kuma ki haɗa shi da fasfo da wasiyya a wurin da kowa a gidan ya sani. Ki lura cewa a dokar Ingila abin da mutum ya rubuta a wasiyya game da yadda za a binne shi ba ya ɗaure wasiyyi, don haka wanda Baba ya naɗa ya zama mai mutunta maganarsa ne. Idan kamfanin ya yi ta jan ƙafa ko ya sa ƙarin da ba ya cikin sharuɗɗa, ki shigar da koke a rubuce. Suna da sati 8 su ba da amsar ƙarshe. In ba su bayar ba, ko ba ta gamsar da ku ba, ki kai maganar ofishin Financial Ombudsman Service, mai sasanta koke tsakanin jama'a da kamfanonin harkar kuɗi; in sun ba da amsar, cikin wata 6 daga ranarta. Ba a biyan ko sisi, kuma ba sai da lauya ba.